Shekara biyu ina koyon inda hannuna zai tsaya

A asibitin sha-ka-tafi da na yi shekara bakwai ina aiki, a wani ƙauye da ke wajen Zariya, kowa likita yake ce mini. Na gaji da gyara musu har na bari. Tsohuwa za ta shigo da jikanta a goye ta ce, "Likita, duba min wannan, kwana uku jikinsa kamar garwashi." In na ce mata, "Inna, ni ba likita ba ce, ma'aikaciyar lafiya ce," sai ta ce, "To 'yar nan, a garin nan akwai wani likitan bayan ke?" Babu kuwa. Daga mu zuwa inda za ka sami likita na gaske tafiyar kusan awa ɗaya ce, in ba damina ba.

Takardar da nake riƙe da ita a lokacin ita ce ta CHEW, wato ma'aikatan lafiya na cikin al'umma, wadda na yi shekara uku kafin na samu a kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi. Da ita nake awon ciki, nake rigakafi, nake gwajin zazzaɓin cizon sauro, nake karɓar haihuwar da ta zo da sauƙi. Ina jin na iya aikina, kuma na iya ɗin, sai dai wani dare ya nuna mini iyakar abin da na sani.

Wajen ƙarfe ɗaya aka buga mini ƙofa. Yarinya ce da ba ta wuce shekara goma sha bakwai ba, cikin fari, wata tara, tana jijjiga. An riga an yi mata hayaƙi da tofi, don a ganin mutanen gidan iska ce ta taɓa ta. Na auna jininta na ga ya haura 170 bisa 110. Na san sunan ciwon, na san sunan maganinsa, har ma akwai allurar a cikin kabad ɗinmu. Amma ban taɓa yin ta da hannuna ba, ban taɓa tsayawa kusa da mai yin ta ba, kuma na sha jin cewa in ta yi yawa tana tsayar da numfashi. Tsoro ya kama ni. Na kwantar da ita ta gefen hagu, na rubuta takarda, na ce a nemo mota. Kafin a sami mai mota, a shawo kansa ya fito cikin daren, an ɓata fiye da awa biyu, kuma ta sake jijjiga sau uku a gabana. Ita Allah ya yi da sauran kwananta. Jaririn bai zo da rai ba.

Ba wanda ya ce mini komai. Mijin ma har godiya ya zo ya yi mini bayan sati biyu, ya kawo mini ƙwaryar gyaɗa. Wannan gyaɗar na kasa ci. A watan ne na gaya wa maigidana ina son komawa karatu.

Kwas ɗin da ke gaban mai CHEW shi ne na CHO, jami'in kula da lafiyar al'umma, kuma a asibitocin koyarwa ake yin sa. Mu mutanen Zariya mun yi sa'a, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana da makarantar, ba sai na bar 'ya'yana na tafi wata jiha ba. Shekara biyu ne. Ba a ɗaukar wanda ya fito daga makaranta jiya. Sai ka nuna ka yi aiki, ka kawo sakamakon sakandare da takardar CHEW, da lasisinka wanda bai mutu ba daga hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma ta ƙasa. Nawa lasisin ya kwana biyu ban sabunta ba, sai da na biya na baya duka. Duk mai niyyar wannan karatu ya fara da duba lasisinsa, don na ga wadda aka mayar daga bakin tebur a kan wannan kaɗai.

Mun rubuta jarrabawar shiga, aka kira mu ganawa. Abin da ya fi jarrabawar wuya shi ne takardar izinin tafiya karatu daga wurin aiki. Fayil ɗina ya yi wata huɗu yana yawo daga tebur zuwa tebur, yau a ce oga ya yi tafiya, gobe a ce ba a ga fayil ɗin ba. Ban da wannan takardar albashinka na iya tsayawa, ni kuwa da albashin zan biya kuɗin makaranta. Ta fito ana saura kwana tara a rufe rajista.

Ranar farko wani dattijon malami, wanda ya fara aikin nan tun ana ce musu malaman disfensare, ya shigo aji riƙe da littafi ɗaya. Duk mun san shi, shi ne littafin ƙa'idar aiki da a bakin ma'aikata ba ka jin sunansa sai Sitandin Oda. Ya ɗaga shi ya ce, "Wa ya zo da nasa?" Cikinmu kusan talatin, mutum shida ne suka ɗaga hannu. Ya ce, "Wa yake buɗe shi a gaban majinyaci?" Shiru. Ni ma ba na buɗewa, don ina ganin in mai jinya ya ga kana duba littafi zai ce ba ka san aiki ba. Malam ya ce daga ranar duk wanda ya zo aji ko ɗakin duba marasa lafiya ba da littafin ba, ya koma gida.

Sai da na zauna da littafin nan da gaske na gane abin da na yi shekaru ina wasa da shi. Likitoci ne da manyan ma'aikata suka tsara shi domin wurin da babu likita. An kasa shi bisa shekarun mai ciwo, daga jariri zuwa tsoho, sannan bisa kukan da ya zo da shi. Ga tambayoyin da za ka yi, ga abin da za ka duba a jiki, ga hukuncin da abin da ka gani ya nuna, ga matakin da za ka ɗauka. A wurare da yawa matakin kalma ɗaya ce: tura shi. Muddin abin da ka yi yana cikin littafin, doka na bayanka. Ranar da ka tsallake shi ka yi gaban kanka, kai kaɗai ne.

Shi wannan malamin ne ya ba mu tarihin aikin, kuma na ji daɗinsa, don a da ina ɗauka mu ɗin cike gurbi ne kawai na ƙasar da likitocinta ba su isa ba. Ashe har Amurka ta bi wannan hanya. A 1965 wani likita mai suna Eugene Stead ya buɗe kwas na shekara biyu a Jami'ar Duke, ya ɗauko tsofaffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa, mutanen da suka saba da rauni da jini amma ba su da takardar da za su yi aiki da ita a gida, ya horar da su su zama mataimakan likita. Rukunin farko sun fita a 1967. Yau a can sai mai digiri ke shiga wannan karatu, ya fito da digiri na biyu, yana duba majinyaci, yana rubuta magani, yana taimakawa a ɗakin tiyata. Gana ta fara horar da nata a Kintampo a 1969. Kenya ma tana da nata masu irin wannan aiki, kuma su ne ke riƙe da asibitocin karkara da yawa.

Namu tsarin ya sami ƙarfinsa ne bayan taron Alma Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne ginshiƙi, sannan a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992. A 1992 ɗin aka kafa hukumar da ke yi mana rajista, da kuma hukumar bunƙasa kiwon lafiya matakin farko ta ƙasa. Ban yarda da masu cewa mu da mataimakan likita na Amurka abu ɗaya ne ba. Karatunsu ya fi namu zurfi a fannin asibiti, namu kuma ya fi nasu shiga cikin gari: rijiya, masai, rigakafi, abincin yara. Bambancin da ya fi taɓa ni shi ne, shi mataimakin likita na Amurka yawanci likitan da yake aiki tare da shi yana nan kusa, ko a waya ko a ɗaki na gaba. Ni nawa likitan littafi ne da takardar turawa.

Watannin farko aji ne zalla: sassan jiki da aikinsu, magunguna, yadda cuta ke yaɗuwa a cikin jama'a, ƙididdiga, tafiyar da asibiti da lissafin kuɗinsa. Na sha wuya a ƙididdiga. Nakan tashi ƙarfe huɗu in yi karatu kafin asuba, in dafa abin kari, in sallami yara, sannan in fita. Uwar mijina ce ta riƙe min ƙaramin, Allah ya saka mata da alheri. Takan ce, "Je ki, 'yata, abin da za ki koyo mu ma zai dawo kanmu."

Inda karatun ya zama karatu shi ne da aka fara tura mu ɗakunan majinyata. Daga cikin birni zuwa Shika, inda asibitin koyarwar yake, ba kusa ba ne: ka fita ta Ƙofar Doka, ka bi Tudun Wada, ka wuce PZ da Kwangila da Samaru, sannan ka isa. In hunturu ne ka isa da hannu a sandare. Kowa na riƙe da ɗan littafin da ake sa masa hannu a kan duk aikin da ya gani, da wanda ya taya, da wanda ya yi da kansa. Muka zagaya ɓangaren yara, na mata da haihuwa, na manya, na gaggawa, na ido, na haƙori, na masu taɓin hankali.

A ɓangaren yara na haɗu da wata likita wadda ba zan manta da ita ba. Ta girme ni kaɗan, ba ta da yawan magana. An kawo yaro ɗan wata takwas da tari, ta ce in duba in gaya mata. Na sa abin sauraren ƙirji, na ce ina jin ciwon haƙarƙari ne. Ta ce, "Malama, numfashinsa nawa a minti?" Na ce yana da sauri. Ta ce, "Nawa?" Ta cire agogonta ta miƙo mini. Na ɗaga rigar yaron, na jira ya yi shiru a jikin uwarsa, na ƙirga minti ɗaya cur: 58. Na san ƙa'idar tun a Maƙarfi, 60 ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara, 40 daga shekara zuwa biyar. Sanin yana kaina, amma hannuna ya daina aiki da shi, don layi yana da tsawo kuma ido ya saba da kintace. Sai ta nuna mini ƙasan ƙirjin yaron, yadda yake lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska. Ta ce a ƙauye babu hoton ƙirji, babu ɗakin gwaji, amma akwai agogo, kuma agogon nan ya isa ya raba yaron da zai sha magani a gida da wanda in ya kwana a gida ba zai wayi gari ba.

Daga ita na ɗauki ɗabi'ar fara neman alamun haɗari kafin in tambayi komai: yaron yana iya shan nono ko ruwa? Yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa? Ya yi jijjiga? Ya yi laushi har ba ya sanin wanda ke kansa? Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. Ka ba shi taimakon farko da littafi ya ce, ka tura. Haka ma ɗan tef ɗin nan mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro: in ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani ko da uwar ta rantse yana cin abinci.

A ɗakin haihuwa na yi sati shida, kuma can na je da abin da ke cina. Na sami babbar sista mai kula da ɗakin na ba ta labarin yarinyar nan tun daga farko har ƙarshe. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma ce ba komai ba. Ta ce, "Duk mai jijjigar da aka kawo, ko ƙarfe nawa ne, zan sa a kira ki." Ba a yi kwana uku ba aka kawo. A arewacin ƙasar nan ba a jiran irin wannan ciwo ya daɗe bai zo ba.

Na farko kallo na yi. Na biyu na zuƙo maganin. Na uku ni na yi, tana tsaye a kafaɗata. Sunan allurar magnesium sulphate. A babban asibiti ana ba da giram 4 ta jijiya a hankali, sannan giram 10 a tsoka, biyar a kowane ɗuwawu. Wanda ke ƙauye, in ba zai iya ta jijiya ba, ya yi ta tsokar ya tura, wannan kaɗai yana iya riƙe mace har ta isa. Abin da nake tsoro kuwa, ashe yana da alamun da ake bi: a duba numfashi kada ya yi ƙasa da 16 a minti, a buga gwiwa a ga ƙafa tana harbawa, a lura da yawan fitsari, kuma akwai allurar da ke karya shi in ya yi yawa. Tun 2014 gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin da ya yarda a sauke wasu ayyuka irin wannan zuwa hannun ma'aikatan matakin farko da aka horar. Izini yana nan, magani yana nan, horon ne bai iso inda nake ba. Da na gama allurar na fita bayan ɗakin na yi kuka, ban ɓoye ba.

Akwai abin da ba na jin daɗin faɗa, amma barinsa rashin gaskiya ne. Wasu ƙananan likitoci da ma'aikatan jinya, a wurare dabam-dabam da na yi aiki, kallon 'yan karambani suke yi mana. Da farko abin yana ƙona mini rai. Daga baya na ga daga ina kallon ya samo asali. Na ga matar da aka riƙe kwana biyu tana naƙuda a wani ɗan asibitin kuɗi da wani mai irin takardarmu ya buɗe, har aka kawo ta mafitsara ta lalace, ta kama yoyon fitsari. Na ga yaron da aka yi ta ɗura wa ƙarin ruwa da allurai kala-kala sati guda, alhali jini yake buƙata. Masu yin wannan sun ji daɗin sunan likita ne har suka yarda da shi. Su suke jawo mana zagi, kuma su suke cika gadajen da likitocin nan ke kwana a kai. Duk da haka ina ganin raini ba ya gyara komai. Likitar da ta ba ni agogonta ta gyara asibiti guda da minti ɗaya, don duk yaron da na duba daga ranar sai na ƙirga.

A shekara ta biyu aka kai mu zaman ƙauye ta wajen Giwa, inda asibitin koyarwa yake da cibiyar lafiya a Yakawada. Nan ne aikinmu ya bambanta da na kowa. Ba ka shiga gari da farar riga ka fara tambayoyi. Sai mun je gaisuwa wurin dagaci, ya haɗa mu da masu unguwanni da liman, muka zauna da ungozomomi da wanzamai. Muka zana taswirar garin da hannu, muka sa wa gidaje lamba, muka bi gida-gida: mutum nawa, ina ake ɗiban ruwa, akwai masai, yara nawa aka yi wa rigakafi, wa ya rasu bara kuma da wane ciwo. Kasancewata mace ya buɗe mini ƙofofin da abokan karatuna maza suka tsaya a zaure. A tsakar gida, ana sussukar masara, mata suka gaya mini abin da ba za su faɗa a asibiti ba: ba ƙin awo suke yi ba, amma in maigida ya tafi cin rani ba mai ba da izinin fita, kuma in dare ya yi ba mota. A kan wannan na rubuta aikin bincikena na ƙarshe.

Jarrabawar ƙarshe iri biyu ce, ta makaranta da ta hukumar ƙasa. Akwai ta rubutu, akwai ta aiki, akwai ta baki. A ta aikin, an ba ni wani dattijo mai ciwon ƙafa da ya ƙi warkewa. Na yi tambayoyina, na ji yana yawan fitsari da ƙishirwa, na auna jininsa, na duba gyambon, na buɗe littafina a gaban mai jarrabawar ba tare da jin kunya ba. Ya ce, "To me za ki ba shi?" Na ce zan wanke ciwon in rufe, in gwada sukarinsa in akwai abin gwaji, in yi masa bayani, in tura shi yau ɗin nan, don wannan ƙafar ta wuce hannuna. Ya dube ni ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ya rubuta abin da zai rubuta. Bayan wata uku sakamako ya fito, na ci.

Da na koma ƙauyen aka ba ni riƙon asibitin. Ranar farko, kafin in zauna, na buɗe kabad ɗin nan. Allurar tana inda na bar ta, ranar da aka rubuta a jikinta ta wuce tuni. Na cike takardar neman sabuwa, da ta yi jinkiri na saya da kuɗin asusun magani na rubuta a littafi. Na haɗa ta da sirinji da auduga da safar hannu a cikin wani ɗan akwatin roba, na manna takardar awon maganin a murfinsa da manyan baƙaƙe. Na tara ƙananan ma'aikatana biyu, muka yi ta zuƙo ruwa a sirinji muna gwadawa har hannunsu ya daina rawa.

Sannan na sa maigadi ya raka ni wurin mai unguwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, magani na samu, mota ce ba ni da ita." Ya tara kwamitin unguwa bayan sallar Juma'a, aka yi magana da direbobi uku na garin, aka yanke cewa kowane gida zai riƙa ba da wani abu bayan kaka domin kuɗin mai. Biyu suka yarda a tashe su ko ƙarfe nawa ne. Lambobin wayarsu suna nan a bangon ɗakin haihuwa, sama da akwatin, da jan fenti.